Me ake nufi da "bouncer", kuma wace kalmar Hausa ce ta dace da ita?

Mai Fassara daga Kaduna

Assalamu alaikum, ma'abota wannan zaure. Akwai wata kalmar Ingilishi da ta tsaya mini a rai tun watan Afrilun 2025, lokacin da Fafaroma Francis ya rasu aka ba ni taƙaitaccen tarihinsa domin in mayar da shi Hausa. A cikin rubutun an ce tun yana saurayi a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina, kafin ya shiga hidimar coci, ya yi aikin shara, ya yi aiki a ɗakin gwajin sinadarai, kuma ya taɓa zama "bouncer" a wani gidan rawa. Na rubuta "mai gadi" saboda ita ce ta fara zo mini, amma wanda ya duba aikin ya soke ta ya sa "ɗan banga", yana cewa mai gadi dattijo ne da ke kwana a kan benci da tocila da rediyo, kuma ba irin wannan mutum Bature yake nufi ba. Ban yarda da gyaransa ba, domin a kunnen Bahaushe ɗan banga yana tafe da bangar siyasa da sara-suka, kuma jingina wa mamaci irin wannan suna ba tare da hujja ba zalunci ne. Sai dai ni ma na san cewa "mai gadi" ba ta kai ga ma'anar ba. Ina roƙon masana su bayyana mini ainihin abin da kalmar take nufi a bakin masu harshen, ko kalmar mutunci ce ko ta raini, sannan mu duba abin da ya kamata mai fassara ya rubuta idan ya ci karo da ita.

Malam Dattijo

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka ƙi "ɗan banga", kuma abokin aikinka ya yi daidai da ya ƙi "mai gadi". Kowannenku ya hango rabin gaskiya.

Tushen kalmar shi ne aikatau "bounce". Yau idan aka faɗe ta, abin da ke zuwa wa mutum shi ne ƙwallon da aka buga a ƙasa ta yi tsalle ta dawo, amma a tsohon Ingilishi ma'anarta ita ce duka ko naushi mai ƙarfi. Daga nan Amurkawa, a tsakiyar ƙarni na 19, suka fara amfani da ita a kan fitar da mutum daga mashaya ko gidan cin abinci da ƙarfin tsiya, wato abin da mu za mu ce an tisa ƙeyarsa waje. Wanda aka ɗauka aiki musamman domin ya riƙa yin wannan tisa ƙeyar shi aka kira "bouncer". Turawan Ingila a lokacin suna da tasu kalmar, "chucker-out", wadda ma'anarta mai wurga mutane waje, har ma wata jaridar Landan a 1883 sai da ta tsaya ta bayyana wa masu karatunta cewa wannan baƙuwar kalma ta Amurka daidai take da tasu ta gida. A hankali ta Amurka ta danne ta Ingila, yau da wuya ka ji matashi ya ambaci tsohuwar.

Abin lura a nan shi ne ba a raɗa wa mutumin suna daga ƙofar da yake tsaye a kai ba, an raɗa masa ne daga abin da yake yi wa wanda ya tayar da fitina. Mai gadi dukiya yake tsarewa, kuma aikinsa ya fi yawa idan kowa ya watse. Wannan kuwa aikinsa yana farawa ne idan wuri ya cika da mutane, kuma da mutanen yake hulɗa: ya duba shekarun mai son shiga, ya hana wanda ya bugu, ya raba faɗa, ya fitar da wanda ya ƙi jin magana. Shi ya sa "mai gadi" ta gaza.

Game da mutunci ko raini, kalma ce ta bakin titi, ba zagi ba ce, amma ba ta cikin kalmomin da hukuma ke rubutawa a takardar ɗaukar aiki. Jaridu suna amfani da ita ba tare da wata fargaba ba.

Ɗan Damagaram

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Mu da muka yi boko da Faransanci muna da shaida a kan abin da Malam ya faɗa, domin Faransawa ma daga korar suka ciro sunan. Suna cewa "videur", daga aikatau "vider", wato kwashe abin da ke cikin wuri har ya zama wayam, kamar yadda ake juye ruwa daga tulu. A Yamai duk wanda ya yi makaranta ya san kalmar. Italiyawa suna cewa "buttafuori", mai jefawa waje, kuma wannan ce kalmar da jaridun Italiya suka yi amfani da ita a ƙarshen 2013, lokacin da Fafaroman ya ba da labarin ayyukan ƙuruciyarsa ga mabiyansa a wata coci da ke gefen birnin Rum. Saboda haka, ɗan'uwa Mai Fassara, wanda ya mayar da labarin Ingilishi bai yi ƙari ba, kalmar asali ma ma'anarta ke nan. Jamusawa ne suka bambanta, su "Türsteher" suke cewa, mai tsayuwa a ƙofa. A manyan gidajen rawa na Faransa kuma akwai wani mutum dabam da ake kira "physionomiste", wanda aikinsa duban fuska ne kawai, ya gane wanda ya saba zuwa da wanda ya taɓa yin rigima, ya ce wane ya shiga wane ya koma, ba tare da ya taɓa kowa ba.

Mazaunin Landan

Ina gaida Malam Dattijo da sauran jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban taɓa tsoma baki ba, amma wannan magana ta shafe ni kai tsaye, domin ina riƙe da lasin wannan aiki a Ingila, kuma da shi nake ciyar da iyalina.

Abu na farko da nake so a sani shi ne a nan babu wani aiki mai suna "bouncer" a dokance. A shekarar 2001 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta kafa hukumar kula da masu aikin tsaro masu zaman kansu, wadda ake taƙaita sunanta da SIA, kuma daga 2004 aka fara tilasta wa masu tsayuwa a ƙofar mashaya da gidajen rawa mallakar lasi. Sunan da doka ta ba mu shi ne "door supervisor", wato mai kula da ƙofa. Kafin a ba ka lasin sai ka cika shekara 18, a binciki ko ka taɓa aikata laifi, ka nuna shaidar koyon agajin gaggawa, sannan ka yi horo na kusan mako guda a kan doka, da yadda ake kwantar da rikici da baki, da yadda ake riƙe mutum ba tare da an ji masa rauni ba. Lasin yana aiki shekara uku, kuma wajibi ne ka saka katin inda kowa zai gan shi, shi ya sa za ku ga yawancinmu da shi a damtse. Wanda ya yi aikin babu lasi yana iya shan ɗaurin da ya kai wata shida.

An yi wannan doka ne saboda sunan da aikin ya yi a da. Akwai lokacin da masu gidajen rawa ke ɗaukar duk ƙaton da ya iya naushi, wasunsu tsofaffin fursunoni, wasu kuma su ne ke ba masu sayar da ƙwaya damar shiga. Kalmar "bouncer" tana ɗauke da wannan tarihi har gobe, shi ya sa malaman da suka horar da mu suka hana mu kiran kanmu da ita. Ni kaina idan baƙo ya kira ni haka ba na fushi, domin na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma ba zan taɓa rubuta ta a takardar neman aiki ba. Mu a tsakaninmu cewa muke yi wane yana aiki "on the doors", ma'ana yana kan ƙofa.

Abu na biyu ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa na yi magana. Lasin nan bai tsaya a gidan rawa ba. Da shi ake aiki a filin ƙwallo, da manyan kantuna, da ɗakunan taro, da wuraren baje koli, domin mai shi yana da damar yin aikin gadi na yau da kullum ma, shi ya sa mutane da yawa suka fi neman sa. Ni a filin wasa da kantuna nake aiki, ban taɓa karɓar aiki a mashaya ba saboda addinina. Amma da wani ɗan garinmu ya koma gida ya ce ai wane "bouncer" ne a Landan, sai da mahaifiyata ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, domin wanda ya fassara mata ya ce ɗanta ya zama ɗan daban gidan giya. Kalma guda da aka fassara ba daidai ba ta jawo mini wata uku ina ba da haƙuri a waya. Don haka ina roƙon masu fassara, don girman Allah, ku raba "door supervisor" da "bouncer", kuma kada ku kusantar da ko ɗaya daga cikinsu da daba ko banga.

Mai Fassara daga Kaduna

Allah ya huci zuciyarka, ɗan'uwa, ya kuma ƙara wa Mama lafiya. Wannan bayani ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan ƙin "ɗan banga". Amma ina da wata tambaya a gare ka: a wasu jaridun Ingila na ga ana cewa "doorman" a inda na zaci za a ce "bouncer". Shin abu guda ne?

Mazaunin Landan

A Ingila sau da yawa abu guda ne, kuma "doorman" ta fi laushi a kunne. A Amurka kuwa akwai bambanci mai girma, domin a can idan aka ce "doorman" yawanci ana nufin mutumin nan mai kayan sarki da ke tsaye a ƙofar babban otal ko dogon benen haya na masu hali a New York, wanda ke buɗe wa mutane ƙofa, ya karɓar musu saƙo, ya tare musu tasi. Wannan ba ya fitar da kowa da ƙarfi. Saboda haka sai mai fassara ya duba daga wace ƙasa labarin ya fito kafin ya yanke hukunci. A Ostareliya ma sunan hukuma dabam ne, "crowd controller" suke cewa, mai daidaita cunkoson jama'a.

Hajiya Mai Shirya Biki

Sallama ga kowa. Malam Dattijo, a gafarce ni in kawo maganar gida, domin duk abin da ake faɗa a kan Ingila da Amurka ne, alhali kalmar ta riga ta shigo mana har tsakar gida, kuma ba ta biyo ta gidan rawa ba, ta ɗakin biki ta biyo. Shekara da shekaru ina shirya wa mutane kamu da dina da walima, kuma a yanzu da wuya uwar amarya ta zo wurina ba ta tambaye ni "bawunsa" nawa za a ɗauka ba. Haka muke faɗa, bawunsa, kuma ko tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san su: ƙarti ne masu baƙaƙen kaya da ke tsayawa a ƙofar ɗakin taro suna duba katin gayyata. Dalilin ɗaukar su kuwa sananne ne. An kama ɗaki mai kujera 300, an yi abinci na mutum 300, sai 'yan gayyar soɗi su cika wurin tun kafin dangin ango su iso, ga masu yankan jaka da ɗauke wayoyi a lokacin da hankalin kowa ya koma kan liƙi.

Abin da nake so masana su lura da shi shi ne a wurinmu ma'anar ta karkata. Malam ya ce asalin sunan daga fitar da mutum ne, to a bikinmu da wuya ka ga an fitar da wanda ya riga ya zauna, domin abin kunya ne ga masu biki. Aikin bawunsa a nan hana shiga ne tun daga ƙofa. Kuma kalmar ba ta da wata alaƙa da giya a kunnen matanmu, har a walimar saukar Alƙur'ani na ga an ɗauke su. Da a ce mahaifiyar ɗan'uwanmu na Landan irin matan da ke zuwa wurina ce, da ba ta tayar da hankalinta ba.

Ba zan ɓoye ba, ni kaina raina ba ya son wannan al'ada duk da cewa ina cikin masu ɗaukar su. Na taɓa ganin an hana gwaggon amarya shiga saboda ta bar katinta a gida, dattijuwa ta tsaya a waje tana hawaye har sai da aka kira ni. Tun daga ranar ba na barin su su kaɗai a ƙofa, sai na haɗa su da wani daga dangin amarya da wani daga dangin ango waɗanda suka san fuskokin mutanensu.

Ɗan Damagaram

Hajiya, ashe kin samar wa bikinki "physionomiste" irin na Faransawa ba tare da kin san sunansa ba, kuma dalilin da ya sa suka raba aikin biyu shi ne ainihin abin da ya faru da gwaggon nan.

Ɗalibar Nazarin Harshe

Ina gaida iyayena da yayyena. Bayanin Hajiya ya kawo mu inda nake ganin amsar take. Tunda masu harshe sun riga sun ari kalmar sun lanƙwasa ta ta dace da bakinsu, mai fassara ba shi da dalilin ƙin ta. Ita kanta "gadi" da muke jin ta kamar tamu ta gado, daga "guard" ta Ingilishi ta fito, "banga" kuma masana da yawa suna mayar da ita ga "vanguard", wato matasan jam'iyyun siyasa na jamhuriya ta farko. Direba da makanike da masinja duk haka suka shigo, kuma babu wanda yake jin baƙuncinsu a yau. A Ingilishin Najeriya ma aikatau ɗin ya samu gindin zama, za ka ji mutum ya ce an yi "bouncing" ɗinsa a ofishin jakadanci, yana nufin an hana shi biza, ko a ƙofar taro, yana nufin an mayar da shi. Wannan ya yi daidai da abin da Hajiya ta ce, cewa a ƙasar nan nauyin kalmar ya koma kan hana shiga. A ganina sai Yaya Mai Fassara ya rubuta "bawunsa" kawai ya wuce, domin fassara mai tsawo tana gajiyar da mai sauraro, musamman a rediyo inda ake ƙirga daƙiƙoƙi.

Malam Dattijo

'Yata, hujjarki a kan aro tana da ƙarfi kuma ba na jayayya da ita. Harshen da ba ya aro ya kusa mutuwa. Amma ki duba abin da ku biyu, ke da Hajiya, kuka tabbatar da bakinku: "bawunsa" ta Hausa ta riga ta zama wata aba dabam da "bouncer" ta Ingilishi. Idan ɗana ya rubuta cewa Fafaroma ya taɓa zama bawunsa, matan da Hajiya take magana a kansu za su hango shi a ƙofar ɗakin biki yana duba kati, manomin da ke sauraron rediyo a ƙauyen Gumel ko Tasawa kuwa ba zai hango komai ba, domin kalmar ba ta kai gare shi ba tukuna. Gadi da direba sun yi shekaru da dama suna yawo kafin su zama na kowa. Wannan har yanzu kalmar birni ce, ta masu kama ɗakin taro, kuma ko rubutunta ba a daidaita ba, na ga masu rubuta "bawunsa", na ga masu rubuta "bansa". Idan labarin bikin Kano ko Kaduna ake bayarwa, a yi amfani da ita, ni ma zan yi. Idan labarin gidan rawa ne a wata ƙasa, ba ta isar da saƙo.

Ɗalibar Nazarin Harshe

Na karɓi gyara a kan batun ƙauye da birni, Baba, amma ina nan a kan cewa idan kafafen labarai suka riƙa gudun kalmar, ba za ta taɓa daidaituwa ba. Su ne suka yaɗa mana kalmomi irin su "ta'addanci" da "tsagaita wuta" har suka zama na kowa.

Bakano Mai Son Tarihi

Ni tambayata ita ce me ya hana mu ce "dogari"? Dogari yana tsaye a ƙofar fada, yana hana wanda bai kamata ya shiga ba, yana buɗe hanya a cikin taro, kuma idan wani ya yi rashin ɗa'a shi ke fitar da shi. Duk abin da Malam ya lissafa dogari yana yin sa tun kafin Amurkawa su san kalmarsu. Muna kuma da sarautar Sarkin Ƙofa a ƙofofin ganuwar birni, wanda a da shi ke rufe ƙofa da dare ya kuma san baƙon da ya shigo.

Malam Dattijo

Aikin ya yi kama, amma matsayin ya sha bamban ƙwarai. Dogari bawan sarki ne a ma'anar girmamawa, ikonsa daga sarauta yake, rigarsa mai ja da kore alama ce ta hukuma, kuma kafin a kafa 'yan doka su ne ke kama mai laifi a ƙasar sarki. Ɗaukar wannan suna a ba wanda mai mashaya ya yi haya rage darajar fada ne, kuma na tabbata Sarkin Dogarai ba zai ji daɗi ba. Banda haka, 'yan jarida sun riga sun ba "dogari" wani aiki na biyu, suna kiran jami'in da ke tsaye a bayan gwamna ko shugaban ƙasa dogarinsa. Wannan ya fi kusa da "bodyguard", mai tsaron lafiyar mutum guda, wanda ke bin maigidansa duk inda ya sa ƙafa. "Bouncer" kuwa wuri yake tsarewa, idan wurin ya tashi shi ma ya tashi.

Mazaunin Landan

Ina goyon bayan Malam a kan wannan, kuma akwai dalili na doka. Dogari a zamaninsa hukuma ne, mu kuwa ba mu da wani iko da ya wuce na kowane ɗan ƙasa. Abin da muke da shi shi ne izinin mai wuri na mu hana shiga ko mu ce wa mutum ya fita, kuma idan ya ƙi, ƙarfin da za mu yi amfani da shi dole ya tsaya daidai gwargwadon buƙata, in ya wuce haka mu ma kotu za mu je. A nan ma lasin mai tsaron lafiyar mutum dabam yake da namu, horonsa ya fi tsawo. A Najeriya na san dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu, don haka, Hajiya, yana da kyau ki riƙa tambayar ko waɗanda kike ɗauka suna ƙarƙashin kamfani mai rajista, saboda ranar da wani zai ji rauni a ƙofa.

Hajiya Mai Shirya Biki

Na gode da wannan shawara, ƙanena. Gaskiya yawancin waɗanda muke ɗauka samari ne daga wuraren ɗaga ƙarfe, ta hannun wani babbansu muke samun su, kuma ban taɓa neman takarda ba. Zan fara tambaya daga bikin da ke gabana.

Bakano Mai Son Tarihi

Na janye "dogari". Amma ina so in ƙara wani abu da zai nuna wa Mai Fassara dalilin da ya sa abokin aikinsa ya karkata ga banga. Al Capone, shahararren shugaban gungun masu aikata manyan laifuka na birnin Chicago a Amurka, yana matashi ya yi wannan aiki a wata mashaya da ke Coney Island a New York, kuma a nan ne aka yanke shi a fuska bayan ya faɗa wa wata budurwa maganar banza a gaban ɗan'uwanta, tabon da ya zame masa laƙabi har mutuwarsa. Irin waɗannan labarai da finafinan Amurka su suka sa duk wanda ya ji kalmar yake hango ɗan daba. Hangen yana da asali, amma ba ya cikin ma'anar kalmar, kuma aikin da Capone ya yi shi ne dai Fafaroma ya yi.

Ɗan Damagaram

Kafin a rufe, a tuna wa masu fassara cewa kalmar tana da wasu ma'anoni da ba su shafi ƙofa ba, kada wani ya faɗa rami. A wasan kurket "bouncer" jifa ce da ake buga ƙwallo a ƙasa da ƙarfi ta taso wajen kan mai riƙe da sanda, kuma irin wannan jifa ce ta yi ajalin ɗan wasan Ostareliya Phillip Hughes a watan Nuwamban 2014. Wanda bai sani ba zai iya rubuta cewa wani ƙato ne ya kashe shi. Akwai kuma 'yar kujerar jarirai mai lilo da ake kira da wannan suna.

Mai Fassara daga Kaduna

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar, kuma zan kai wa abokin aikina domin mu gyara rubutun da ke shafinmu. Jumlar za ta zama: "Yana saurayi ya taɓa aikin tsaron ƙofa a wani gidan rawa, inda yake fitar da masu tayar da fitina." Na zaɓi in bayyana aikin da aikatau maimakon in nemo suna guda, domin hakan ya kawo ƙofar, ya kawo fitarwar da Malam ya ce ita ce asalin kalmar, kuma bai jingina wa mutumin daba ba. Idan labarin ya sake ambaton sa a gaba, "mai tsaron ƙofa" ta wadatar tunda an riga an san wace ƙofa ce. Idan na ci karo da "door supervisor" zan rubuta "mai kula da ƙofa" ko "jami'in tsaron ƙofa", ba zan ambaci gidan rawa ba sai labarin ya ambace shi. Ƙanwata Ɗaliba, "bawunsa" zan ajiye ta domin labaran bukukuwan gida kamar yadda Malam ya ba da shawara, kuma ina so ki taimaka ki tambayi malamanku a sashe wane rubutu suka fi amincewa da shi tsakanin "bawunsa" da "bansa", domin mu riƙa rubuta abu guda.

Ɗalibar Nazarin Harshe

Zan tambaya ranar Litinin in sha Allah, Yaya. Hajiya, ina roƙon ki faɗa mini yadda matan ke jam'inta kalmar, ko "bawunsoshi" suke cewa ko "'yan bawunsa", domin malaman za su fara tambayata wannan kafin su ce komai a kan rubutu.

Hajiya Mai Shirya Biki

Ni dai a wurina "'yan bawunsa" suke cewa, 'yata, wasu kuma su bar ta yadda take su ce a ɗauko bawunsa huɗu. Ban taɓa jin "bawunsoshi" a bakin kowa ba.